Kafin Ciwon Ya Sami Suna

A layi ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, sai ka tarar da matasa uku, kowanne an yi wa matsalarsa fassara daban. Yarinya 'yar aji biyar ta daina zuwa islamiyya, da an yi sallama sai ta shige ƙuryar ɗaki, ƙirjinta na dukan uku-uku ba gaira ba dalili. Mutanen gida suka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Ɗan jami'a kuma kansa ke ɗaukar zafi, in ya buɗe littafi rubutun ya cakuɗe masa, ya maimaita shafi har ya gaji bai riƙe komai ba. Mai kemis ya ce taifod da maleriya ne, ya yi masa allurai, ya ƙara masa ruwa. Na ukun ya bar zuwa shagon da yake koyon ɗinki, sai dare ya raba yake dawowa daga majalisa, an kuma tsinci kwalbar kodin a ƙarƙashin katifarsa. Shi ba a ma ce ciwo ba ne. Lalacewa ce, har baffansa ya fara cigiyar gidan mari.

Da za ka zaunar da kowannensu shi kaɗai, ka lallaɓa shi ya faɗa maka abin da ke faruwa tsakanin ƙarfe ɗayan dare da kiran assalatu, da ka ji amsa kusan iri ɗaya. Ido biyu. Saƙa da warwara a kan magana guda. Zullumin gobe. Ganin kai ba a bakin komai ba. Kuma babu mahalukin da ya san haka ake ciki. Ƙannena, wannan dare da suka yi tarayya a cikinsa shi nake so mu yi magana a kai, domin a nan ne abin yake fara tsiro, kuma a nan ne ya fi sauƙin tarewa.

Mu a wurinmu ba a yarda mutum na da ciwon ƙwaƙwalwa sai ya tuɓe a kasuwa ko ya fara tsince-tsince a bola. Duk abin da bai kai nan ba, ko dai shagwaɓa ce, ko raunin imani, ko sammu. Likitoci su ma sun daɗe da nasu kuskuren, sai dai na ilimi ne: sun rarraba ciwon zuwa gida-gida, ga ciwon damuwa, ga na fargaba, ga waswasi, ga shaye-shaye, ga taɓin hankali, kowanne da shafinsa a littafi da maganinsa, kamar ba su san juna ba. Abin da ya girgiza wannan rabe-raben wani dogon bincike ne a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan. An ɗauki jarirai 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, aka riƙa kiransu lokaci-lokaci ana duba lafiyarsu har suka manyanta. Da suka kai shekara 45, kashi 86 cikin 100 nasu sun taɓa shiga halin da likita zai ba shi suna, ko da sau ɗaya a rayuwa. Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne, kaɗan ne ƙwarai suka tsaya a ciwo guda. Wanda ya yi fama da fargaba yana ɗan shekara 15, sai a same shi da ciwon damuwa a 21, a 26 kuma da shaye-shaye. Avshalom Caspi da Terrie Moffitt, masu nazarin waɗannan bayanai, suka fito da hujja a 2014 cewa akwai wani rauni guda da ke kwance a ƙarƙashin cututtukan nan, wanda idan ya yi yawa a mutum sai ya riƙa ɓullowa da fuskoki daban-daban.

Kada ku ɗauka wata ƙwayar cuta aka gano da za a gani a gwajin jini. Lissafi ne ya nuna cututtukan suna tafiya tare fiye da yadda katari zai iya kawowa, kuma har yanzu masana na jayayya a kan mene ne ainihin abin. Gado na da hannu, abin da mutum ya sha a yarinta na da hannu. Amma akwai wani yanki nasa da ake gani da ido, ake kuma iya taɓawa: wasu ɗabi'u na zuciya da ake samu a kusan kowane ɗaya daga cikin cututtukan, waɗanda su ne ke riƙe ciwon su hana shi wucewa. Manomi ya san ƙuduji. Ba ta zaɓar dawa ta bar gero ko masara, kuma tana yin makonni a ƙarƙashin ƙasa manne da saiwa tana tsotsa. Ranar da jan furenta ya fito kowa ya gani, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Mai lura tun daga tsumburewar shuka yake ganewa.

Lokacin da abin ke kamawa kuwa naku ne. Wani bita da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara bincike 192 daga sassan duniya, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin waɗannan cututtuka sun fara ne kafin shekara 14, kusan rabi kafin 18, sama da kashi 60 cikin 100 kafin 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na ɗauke da wani nau'in. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da tsoro da sha'awa da fushi yana nuna da wuri, sashen gaban goshi mai taka musu burki kuwa ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 25. A daidai wannan tsakanin ne kuma ake jibga muku jarrabawar WAEC da JAMB, da neman na kai, da soyayya, da aure, da barin gida.

Cikin ɗabi'un zuciyar nan masu riƙe ciwo, ta farko, kuma wadda na fi jin tsoro, ita ce saƙar zuci. Ba tunanin neman mafita nake nufi ba. Ina nufin irin wanda mutum zai kwanta ya ɗauko maganar da aka yaɓa masa a gaban mutane, ya juya ta, ya sake juya ta, yana tambayar kansa me ya sa ni, me ya sa kullum ni, ina ma ban je ba. Awa biyu ta wuce bai ƙulla komai ba, sai ƙunci da ya ƙaru. Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Nolen-Hoeksema, ta yi dace da wani abu da ba a iya shiryawa. Ta sa ɗalibai a jami'ar Stanford sun cike takardun tambayoyi a kan yadda suke yi idan ransu ya ɓaci, bayan mako biyu sai girgizar ƙasa ta watan Oktoban 1989 ta afka wa yankin. Da ta sake bibiyarsu bayan kwana 10, da kuma bayan mako 7, sai ta ga waɗanda dama ke da ɗabi'ar saƙar zuci su ne damuwa ta fi kamawa, ta kuma fi daɗewa a jikinsu. Masifa ɗaya ta sami kowa, abin da kowa ya yi da ita a cikin kansa ne ya bambanta. Binciken da ya biyo baya ya sami ɗabi'ar nan a bayan fargaba, da shaye-shaye, da rikicin cin abinci, ba ciwon damuwa kaɗai ba.

Abin da ke sa ta wuyar bari shi ne tana zuwa da rigar hankali. Mai saƙa ji yake aiki yake yi, yana neman gano bakin zare, don haka in ka ce masa ya daina tunani, ka ce masa ya daina kula da rayuwarsa ne. Kuma ba ta daina wa mutum don an ce ya daina. Abin da masu wannan fanni suka gano yana aiki, musamman Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila, shi ne sauya irin tambayar. Tambayar "me ya sa" ba ta da gindi, duk amsar da ka ba ta sai ta haifi wata. Tambayar "yaya" da "yaushe" da "wa" kuwa tana da inda take tsayawa. A ce ka faɗi JAMB. "Me ya sa ni ba na taɓa yin nasara" za ta kai ka asuba. Amma wane darasi ne ya ja ni ƙasa, maki nawa ya rage, wa zan samu ya koya mini, ranar yaushe zan je wurinsa, waɗannan a minti goma an gama da su, gobe kuma akwai abin yi. Ga ma'aunin da za ka riƙa yi wa kanka: in ka yi rubu'in awa kana tunani a kan abu, ba ka fito da mataki ko ɗaya ba, kuma ranka ya fi ɓaci a kan yadda ka fara, to ba tunani kake ba. Tashi ka bar wurin da kake zaune. Ɗebo ruwa, share tsakar gida, taka zuwa bakin titi, ko ka ɗauki biro ka zube abin a takarda ka rufe, ka ce sai gobe da la'asar. Jiki in ya motsa, zaren yakan tsinke.

Ta biyu ita ce gudu. Duk abin da ya tayar maka da hankali, ka kauce masa. Yarinyar nan da gabanta ke faɗuwa in malam ya ce ta tashi ta yi karatu, ranar da ta ce kanta na ciwo ta zauna a gida, wani sanyi ta ji a ranta. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa zaman gida ne ya cece ta, ba ta kuma sami damar ganin cewa da ta je ɗin ba abin da zai faru ba. Gobe tsoron ya fi na yau. Daga aji sai gidan biki, daga gidan biki sai kasuwa, har duniyarta ta koma faɗin ɗaki. Mai ciwon damuwa haka yake janyewa daga abokai da ƙwallo da sana'a, yana jiran sai ya ji daɗi sannan ya fita, alhali fitar ce ke kawo daɗin. Mai waswasi da ke sake alwala sau bakwai shi ma gudu yake, gudun zama da kokwanto. A nan malamanmu sun riga likitoci. Duk wanda ya karanta Ahalari ya wuce ta kan hukuncin mai yawan waswasi a salla: ba zai koma ya kawo abin da yake shakka a kai ba, zai yi ba'adiyya ya wuce abinsa. Sai a 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya fara yi wa masu wannan ciwo magani da wannan dabarar, wato a bar mutum ya fuskanci kokwanton, a hana shi maimaitawar, har tashin hankalin ya sauka da kansa. Har gobe ita ce kan gaba a maganin ciwon.

Domin tashin hankali yana sauka. Wannan ne abin da mai gudu bai taɓa tsayawa ya gani ba. Firgicin da ke zuwa farat ɗaya, ƙirji ya buga, numfashi ya sarƙe, yatsu su yi sanyi, mutum ya tabbata ajalinsa ne, yawanci cikin minti goma yake kai ƙarshen ƙarfinsa ya fara ja da baya. Jiri da tsikarin yatsu daga saurin numfashi suke, shi ya sa jan iska a hankali ta hanci da fitar da ita a hankali fiye da yadda aka ja yake rage su. Maganin gudu komawa ne da kaɗan-kaɗan. Ba a ce ki tashi gaban makaranta gaba ɗaya ki yi jawabi ba. Yau ki karanta wa ƙanwarki, jibi ƙawaye biyu, wani mako ki ɗaga hannu a aji a kan tambayar da kika tabbatar kin sani, kuma ki tsaya har bugun ƙirjin ya lafa kafin ki bar wurin.

Shaye-shaye, in kun lura, gudu ne da ake sayarwa a kwalba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗunsu mace ce. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake safararsa. Hanin ya yi kyau, amma ba ya tambayar yaro abin da yake neman mantawa. Da yawa ba don holewa suka fara ba. Wani don ya sami barci ne, wata don ta manta baƙin cikin gidan miji, wani tiramol ɗin don ya iya kai yamma a kan babur ko a gona. Ga mai ganin wiwi ganye ne kawai: wani bincike a biranen Turai da Burazil da aka wallafa a 2019 ya sami masu shanta kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfin kuwa kusan sau biyar.

Sai barci, wanda kuka fi rainawa. An daɗe ana ɗaukar rashin barci a matsayin alamar ciwo kawai, har Daniel Freeman na jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka juya tambayar. Suka ɗauki ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci daga jami'o'i 26 na Birtaniya, suka koya wa rabinsu dabarun gyara barci ta intanet, ba su taɓa komai ba bayan wannan. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna waɗanda barcinsu ya gyaru, zargin cewa ana binsu da sharri ya ragu, gane-gane da jiye-jiye sun ragu, damuwa da fargaba ma haka. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Ku lissafa da kanku: wanda ke kan TikTok ko hirar WhatsApp har ƙarfe biyu saboda datar dare ta fi araha, ya tashi asuba, ya wuce makaranta, nawa ya samu? Ɗalibi mai kwana karatu da kofi da goro, ya wayi gari kansa na zafi, ba sabon abu ya kawo ba. Tun 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafin kai, da jin abu na yawo a cikin ka, da dishi-dishin ido, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Ba taifod ba ne. A tsayar da lokacin tashi guda kullum, a ajiye waya nesa da shimfiɗa, a bar shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari bayan la'asar, a taƙaita ƙailula.

Akwai kuma muryar da ke zagin mutum daga ciki, wadda ke ce masa daƙiƙi, mara amfani, nauyi a kan iyaye. Sau da yawa in ka saurara da kyau za ka ji ba muryarka ba ce, ta wani ce da ya daɗe yana faɗa maka haka tun kana ƙarami. Ita ce ke haɗa kai da kunya su rufe maka baki, ka zama mai zurfin ciki, ana yabonka da haƙuri kana ƙonewa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe laifin yaran ne, su suka saka wa kansu tunani. A'a. Wanda aka kashe mahaifinsa a gabansa a ƙauyen Zamfara, da wadda ta girma a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, da wadda wani na gida ya lalata aka ce ta rufa wa dangi asiri, da almajirin da ya kwana da yunwa, ba su suka zaɓi abin da ya same su ba, kuma numfashi a hankali ba ya biyan kuɗin makaranta. Talauci da duka da cin zarafi su ne manyan masu shuka wannan rauni. Ɗabi'un da na ambata su ne hanyar da masifar waje ke bi ta zauna a ciki, ta ci gaba da cin mutum ko bayan ta wuce. Na dage a kansu ne saboda su ne ɓangaren da hannunka ke kaiwa yau. Idan kuma cutarwar tana kan faruwa, maganar farko ita ce a raba ka da ita, wannan kuwa sai da babba.

Ga inda labarin ya yi daɗi. Tunda saiwar ɗaya ce, ba dole sai an tantance sunan ciwo kafin a fara taimako ba. David Barlow na jami'ar Boston ya haɗa tsarin magani guda na zama da tattaunawa, wanda ke koyar da fuskantar motsin rai maimakon guje masa, aka gwada shi a kan mutum 223 masu cututtukan fargaba iri huɗu. A 2017 aka ga ya yi daidai da tsare-tsaren zama da tattaunawa da aka keɓe wa kowane ciwo, kuma masu yanke zuwa a tsakiya sun fi ƙaranci. Wannan ya fi mana amfani fiye da Amurkawan, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne a kan mutum sama da miliyan 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara irinsa na zama biyar, wanda wanda ba likita ba zai iya koya ya gudanar: sarrafa numfashi, warware matsala daki-daki, komawa harkokin yau da kullum, ƙarfafa alaƙa da mutane. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan, inda rikici ya ɗaiɗaita jama'a, da kuma Nairobi, ya yi aiki. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara a 2006 da horar da tsofaffin mata a unguwar Mbare ta Harare, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraren masu damuwa, suna taya su zaɓar matsala ɗaya su warware. A gwajin da aka wallafa a 2016 mai mutum 573, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. A Kenya, shirin Shamiri ma matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba yake horarwa, su zauna da 'yan makaranta awa guda a mako har mako huɗu.

Ostireliya ta bi ta wata hanyar. Patrick McGorry, wanda ya yi shekaru yana nuna cewa taɓin hankali in an tare shi a farkonsa ya fi warkuwa, yana cikin waɗanda suka assasa cibiyoyin headspace a 2006, inda ɗan shekara 12 zuwa 25 zai shiga kawai ya ce ba ya jin daidai, ba sai da takardar likita ko sunan ciwo ba. Mu ba mu da irinsu tukuna. Amma tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan: a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Tun kafin wannan da shekara dubu, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ware rabin littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ga tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi. Ya shawarci mai waswasi ya guji kaɗaici da zaman banza, ya kuma ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya don ranar da zai buƙace su. Don haka wanda ya ce muku zuwa wurin masanin halayya al'adar Turawa ce, ko alamar ƙarancin tawakkali, bai san tarihinsa ba. Yi addu'arka, yi azkar ɗinka, a yi maka ruƙiyya in kana so, ka kuma je asibiti. Babu wanda ya hana wani. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari da bulala. Duk mun ga hotunan mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu, aka sanar a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi.

Mafi yawanku ba likita za ku fara gaya wa ba, aboki ne. Saboda haka wataƙila kai ne za a fara gaya wa. In abokinka ya yi mako biyu ba ya fitowa, ya daina abin da yake so, ya rame, ko ya koma saurin fushi, kada ka tare shi a majalisa ana dariya. Ja shi gefe, ku taka. Ka ce, "Malam, na ga kwana biyu ba ka nan, me ke faruwa?" Zai ce ba komai. Ka bar shi, ka dawo jibi. In ya fara magana, riƙe wa'azinka. "Ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku" gaskiya ce, amma rufe baki take yi. Tambaye shi yana barci kuwa, yana cin abinci, me ya fi damunsa a cikin duka. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma ba ya fitowa sai an ga wurin da ba za a tallata shi ba, don haka abin da ya faɗa maka kada ya zama labarin guruf. In kuwa ka ji yana cewa gara ya mutu, ko ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, nan amanar sirri ta ƙare. Kada ka bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka sami babban da ka yarda da hankalinsa a ranar, ko da zai yi fushi da kai.

Zaɓen babban ma da dabara. Ba lallai mahaifi ba, in kun san zai fara da faɗa. Wata gwaggo, ko yaya, ko malamar makaranta, ko limamin da kuka san yana saurare, ko ma'aikaciyar asibitin unguwa. Ku je da abin da aka gani, ba da fassara ba: ta yi kwana goma ba ta barci, ta daina cin abinci, jiya ta ce kaza.

Akwai alamun da ba a jira da su, ba a kuma gwada dabarun gida: jin muryoyin da babu mai yin su, tabbacin cewa ana bibiyar mutum ko an sa masa guba, kwanaki ba barci amma ga ƙarfi da surutu da ɓarnar kuɗi, ƙin ci da sha, ruɗewa bayan haihuwa, ko yunƙurin cutar da kai. Waɗannan na asibiti ne kai tsaye. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika su ma suna da sashen. In sun yi nisa, a fara da babban asibitin da ke kusa, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da farfaɗiya da zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa duk suna iya zuwa da kamannin ciwon hankali, likita ne zai rarrabe. A tafi da wanda ya ga yadda abin ya faro, a ɗauki duk magungunan da aka sha har da na gargajiya, a kuma faɗi gaskiyar abin da ake sha a ɓoye, likita ba ɗan sanda ba ne. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. In ya sa kasala ko rawar jiki ko ƙiba, a koma a faɗa, ana rage shi ko a sauya wani. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a mayar da lokacin sha zuwa sahur da buɗa-baki.